Gargaɗi ga masu fito da masunta kan mai tallar rigar nutso a waya

Assalamu alaikum. Wannan saƙo na masu fito ne da masunta da samarin da ake kira idan ruwa ya ci mutum, tun daga Bagwai da Tiga har Ringim da Haɗeja. Akwai wani da ke yaɗa talla a Facebook da zaurukan WhatsApp, wai ya shigo da rigar nutso ta Turawa, mara nauyi, wadda ake naɗewa a jefa a jaka a yi tafiya da ita. Yana cewa riga ɗaya aiki biyu: ka sa wa fasinja a kwale-kwale ta hana shi nitsewa, ko kai ka sa ka shiga ƙarƙashin ruwa aikin ceto. Don Allah kada kowa ya tura masa ko sisi.

Hotunan da yake nunawa na kamfanonin gaskiya ne masu ƙera kayan nutso, irin su Cressi da Mares, kwaso su ya yi daga intanet. Zai ce kayan suna Legas, saura kaɗan, a tura rabin kuɗi kafin alƙalami, kuma sunan da ke kan asusun daban yake da wanda ya gabatar da kansa da shi. Daga nan sai kuɗin mota, sai kuɗin fito da kaya. Wasu ana gama biya ya toshe lambarsu. Samarin garinmu da suka yi karo-karo su tasu ta iso tasha a cikin buhu, na kuma riƙe ta da hannuna. Gwanjo ce, launinta ya koɗe, gishirin teku ya bushe fari a bakin bututun hurawa, robar ta tsattsage. Muka hura da baki ta yi tam, kafin mu dawo daga sallar la'asar ta sace. Da muka danna ta a baho sai ga kumfa na fita ta ɗinkin hammata.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda yake kafa hujja da hatsarin Bagwai a saƙon murya. Kowa a nan yana tuna ranar 30 ga Nuwamba, 2021, da jirgin da ya taso daga Badau ya kife a dam ɗin Watari, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. Allah Ya jiƙansu. Da wannan ciwon yake cin kasuwa, yana cewa da suna sanye da rigarsa da sun tsira.

Ƙarya ce, ko da rigar sabuwa ce fil a leda. Wannan riga, da masu nutso ke kira BCD, jakar iska ce da ake goya tukunyar numfashi a bayanta. Aikinta daidaita mai nutso a tsakiyar ruwa: ya ƙara iska ya ɗan taso, ya rage ya sauka. Babu soso a cikinta, in ba a hura ba ba ta ɗaga kowa. Yawancin marasa nauyin nan na tafiya, masu kilo biyu zuwa uku, iskarsu a baya take, saboda haka idan mutum ya suma a saman ruwa tana iya kifa fuskarsa ƙasa. Masu ƙera ta da kansu suna rubuta gargaɗi cewa ba rigar ceto ba ce. Yaron da jirgi ya kife da shi, yaushe zai nemi bututu ya hura? Ita rigar ceto ta gaskiya mai soso tana aiki da kanta, za ka ga an rubuta ƙarfin ɗagawarta a jiki, kamar 100N ko 150N, da lambar ISO 12402.

Batun shiga ƙasa da ita kuwa, nan ne hatsarin ya fi girma. Rigar ita kaɗai ba ta ba ka numfashi. Sai da tukunya, da na'urar da ke rage ƙarfin iskar kafin ta iso baki, da agogon da ke nuna abin da ya rage. Ana cika tukunyar har matsin iskar ya kai wajen 200 a ma'aunin da ake kira bar, da inji na musamman mai tace iska. Shi kuwa ya gaya wa yaranmu wai mai faci zai cika musu, ko su karɓi iskar mai walda. Injin faci ba ya kai ko kusa da wannan ƙarfi, kuma iskarsa tana ɗauke da mai da hayaƙi. Iskar oksijin zalla kuma, irin ta mai walda, idan aka wuce zurfin mita shida tana iya jefa mutum cikin jijjiga kamar mai farfaɗiya, a can ƙasa inda babu mai riƙe shi.

Masuntanmu gwanaye ne wajen riƙe numfashi, sun gaji hakan iyaye da kakanni, amma da tukunya wannan gwaninta ita ce ke kisa. A zurfin mita goma matsin ruwa ya ninka na sama. Wanda ya shaƙi iskar tukunya a can ya taso yana riƙe da ita, iskar za ta kumbura a ƙirjinsa har ta yaga huhu. Haka rigar ma, in maɓallin hurawarta ya maƙale, irin na gwanjon nan, sai ta fizgo mutum sama da gudu. Shi ya sa ƙungiyoyin horo irin su PADI da CMAS ba sa sakin mutum sai ya koya a hannun malami.

Wanda ya riga ya tura kuɗi ya garzaya bankinsa da shaidar turawa, ya kuma kai rahoto ofishin 'yan sanda, kada ya goge saƙonnin muryar. Wanda rigar ta zo hannunsa ya ajiye ta, kada ya bari yara su gwada ta a kududdufi. Masu jirgi da ke son kare fasinja su sayi mai soso, su je da kansu su taɓa, su gwada a bakin gaɓa kafin su biya. Ina roƙon sarakunan ruwa da limamanmu su sanar da wannan a mashigai da masallatan Juma'a, domin da yawa daga cikin masu fito ba sa karanta irin wannan rubutu a waya.