Kafin ka sayi motar shiga ƙungurmin dajin Ostireliya

Duk wanda karatu ko aiki ya zaunar a Adelaide ko Perth, wata rana ransa zai biya ya ga tsakiyar ƙasar, wannan fili mai jar ƙasa da suke kira Outback. Da ya fara cigiyar mota zai ji ana cewa in ba Land Cruiser ba kada ma ya soma. Maganar tana da gaskiya a wasu hanyoyin, amma ba duka ba, kuma bambancin kuɗin ba kaɗan ba ne. Shawarata ita ce ka fara zaɓar hanya tukuna, ita za ta faɗa maka motar.

In burinka ka ga dutsen Uluru da garin Alice Springs ne kawai, ba ka da matsala. Babbar hanyar Stuart, wadda ta bi ta Alice Springs, daga Port Augusta a kudu har Darwin a arewa, kusan kilomita 2,700, kwalta ce gaba ɗayanta, haka ma hanyar Lasseter da ta ratse zuwa Uluru. Corolla mai lafiya ta wadatar.

Lissafi yana canjawa ne inda kwalta ta ƙare. Ɗauki hanyar Oodnadatta a jihar Kudancin Ostireliya, wadda ta tashi daga Marree ta bi ta William Creek ta ɓulle Marla, kimanin kilomita 620, tana bin tsohon layin dogon jirgin ƙasan da ake kira Ghan. Burji ce, kuma in a bushe take motoci masu jan ƙafa biyu suna bin ta. Abin da ke kassara mota a nan ba rashin jan ƙafa huɗu ba ne. Gargada ce da duwatsu. Wanda ya taɓa bin hanyar ƙauye bayan damina ya san gargada, sai dai ta can tana iya ɗaukar sa'o'i ba ta sassauta ba: tana kwance noti, tana gajiyar da shokozoba, tana tsinke waya. Duwatsun kuma masu kaifi ne, gefen taya suke tsagawa, su fasa tanki ko kaskon man inji in cikin motar ya yi kusa da ƙasa.

Shi ya sa ƙaramar motar gari ce zaɓin da na fi jin tsoro, ko da yake ita ce mai araha da ƙarancin shan mai. Tsakanin cikinta da ƙasa bai cika wuce santimita 14 ko 15 ba, tayoyinta masu siririn gefe ne, kuma da yawa daga cikin sababbin suna zuwa da ƴar siririyar safaya wadda aka yi don ta kai ka wurin mai faci a cikin gari. A wurin da mai faci yake nesa da kilomita ɗari biyu, wannan safayar ba ta da amfani. Za ka iya wucewa lafiya in ka bi a hankali kuma greda ta gyara hanyar kwanan nan, amma ba ka da rarar kuskure ko ɗaya.

Zaɓin da mutane ke tsallakewa, kuma ni shi na fi so wa mai matsakaicin aljihu, shi ne akori-kura mai jan ƙafa biyu amma mai tsayi. Toyota tana da HiLux samfurin Hi-Rider, Isuzu tana da D-Max irin wannan, Ford ma ta yi Ranger haka. Tsayinsu ɗaya ne da na masu jan ƙafa huɗu, ƙashin bayansu mai ƙarfi ne, suna ɗaukar taya mai kauri, suna shan dizal wanda ake samu a gidajen man daji, ga wurin ɗora jarkoki da safaya biyu. Aibinsu guda: da ƙafar baya suke ja, in bayan ba kaya sai ya riƙa watsal a kan gargada, musamman a kwana. Ka ɗora nauyi daidai kan tayoyin baya, ka rage gudu, ka ɗan sassauta iskar taya. Ka tafi da famfo don mayar da iskar in ka hau kwalta.

Akwai na tsakiya irin su Subaru Forester, masu jan ƙafa huɗu a kowane lokaci, da tsayi wajen santimita 22. Suna riƙe burji da kyau, sun fi daɗin zama, amma ba su da ƙaramar giyar nan ta fita daga rairayi mai zurfi. Kada sunan jan ƙafa huɗun ya ruɗe ka.

Ita kuwa cikakkiyar mai jan ƙafa huɗu, Land Cruiser ko Patrol ko Prado, akwai wuraren da ba makawa sai ita. Hamadar Simpson tana da tuddan rairayi sama da 1,100 a jere, kuma ana rufe ɓangarenta na Kudancin Ostireliya daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris saboda zafi. Hanyar Gibb River a yankin Kimberley na jihar Yammacin Ostireliya, wajen kilomita 660, sai an tsallaka koguna irin Pentecost. Hanyar Canning kuwa, wadda ta ratsa hamadar Yammacin Ostireliya kusan kilomita 1,850, ko mai irin wannan motar ba ya shigarta shi kaɗai in yana da hankali. In ɗaya daga cikin waɗannan kake nufi, biya kuɗin. In ba haka ba, za ka ɗauki tsadar saye da mai da gyara shekara da shekaru don abin da ba za ka taɓa kunnawa ba.

Ruwan sama ba ya bambance mota. Yayyafi kaɗan kan mai da jar ƙasar nan taɓo mai santsi, hukuma ta rufe hanya, kuma wanda ya bi rufaffiyar hanya tara mai nauyi ke jiransa. Ka duba sanarwar hanyoyi ta jihar da safen tafiya, ba da daren jiya ba. Mai niyyar haya kuma ya karanta yarjejeniya da kyau, don yawancin kamfanoni sun hana sauka daga kwalta da ƙaramar mota, kuma inshora ba ta biya in an saɓa.

Kuɗin da ka rage wajen saye, ga inda ya kamata ya tafi: tayoyi masu alamar LT (masu kauri, irin na akori-kura), safaya ta biyu, ruwan sha na kwanaki fiye da na tafiyar, da na'urar neman agaji ta tauraron ɗan adam da ake yi wa rajista a AMSA, hukumar ƙasar mai kula da aikin ceto, domin sabis na waya yana ɗaukewa da zarar ka bar gari. Kada ka yi tuƙi da asuba ko magariba, lokacin ne kangaru da shanu da raƙuman daji ke hawa hanya. In mota ta tsaya, ka zauna kusa da ita, daga jirgin sama ita ake hangowa ba mutum ba. A garin Oodnadatta, wanda ke kan waccan hanyar burjin, aka auna zafi digiri 50.7 a watan Janairun 1960, don haka ka sa tafiyarka tsakanin Mayu da Satumba.