Daga Jamus: Cire Rut da Mayar da Waya Yadda Ta Fito Daga Kamfani

Assalamu alaikum 'yan uwana masu gyaran waya na Farm Centre da titin Beirut, da fatan ana lafiya, ya kasuwa, ya jama'a. Bayanin nan a kan aiki ɗaya ne da kusan kullum yake biyowa ta hannunku, wato cire rut (cikakken ikon taɓa cikin manhajar waya wanda kamfani ya toshe) daga waya da mayar mata da manhajar kamfani, da yadda ake kallon aikin a nan Jamus.

A gida idan aka yi wa waya filashin, wato aka sake ɗora mata manhaja daga kwamfuta, ta kunna, sabis ya hau, kyamara ta ɗauki hoto, an gama, sai a karɓi kuɗi. A nan wannan rabin aiki ne, saboda rayuwar mutum a cikin wayarsa take. Tun 2019 dokar Tarayyar Turai ta tilasta wa bankuna tantance mai asusu ta hanya biyu, kuma yawancinsu ta manhajar waya suke yi. Kowane kuɗi za ka tura sai ka amince da shi a manhajar, ita kuwa da ta shinshino rut ko buɗaɗɗen butloda (ɓangaren da ke tayar da waya, wanda in yana rufe ba ya barin manhajar da ba ta kamfani ba ta hau) sai ta ƙi buɗewa. Biyan kuɗi ta hanyar kara waya a na'urar kanti shi ma yana tsayawa. A Kano in manhajar banki ta yi gardama akwai lambar USSD, akwai mai POS a bakin layi. Nan babu wannan mafitar. Don haka ma'aunin aiki a nan shi ne wayar ta ci jarrabawar Google da ake kira Play Integrity, wadda ta gaji SafetyNet, bankin mai ita kuma ya yarda da ita.

Abu na farko da ya kamata a cire wa kwastoma daga rai: goge waya daga wurin saiti ba ya cire rut. Gogewar nan bayanan mai waya kawai take sharewa. Magisk, wanda shi ne akasarin rut na yanzu, yana zaune ne a ɓangaren da waya ke tashi da shi, wato boot, ko init_boot a wayoyin da suka fito da Android 13 zuwa sama. Ko sau goma aka goge, yana nan daram. A cikin manhajar Magisk akwai maɓallin cirewa mai zaɓi biyu, Restore Images da Complete Uninstall, kuma suna aiki ne idan kwafin boot na asali da ya ajiye yana nan. Idan an saka wata manhaja daban a kan wayar, ko an canza rikabari (ƙaramar manhajar gyara da ke cikin waya), ko ba a san hannun wa ta bi ba, kada a ɓata lokaci, a yi cikakken filashin. Ko an cire ta wannan maɓallin ma, butloda yana nan a buɗe, kuma rufe shi yana share komai. Saboda haka tun kafin a taɓa komai a kwashe hotuna da lambobi da WhatsApp, sannan mai waya ya fitar da asusunsa na Google, da na Samsung ko Xiaomi, da hannunsa. In ba haka ba makullin FRP, wanda ke neman tsohon asusun Google bayan an goge waya, zai tare ku bayan an gama. A nan shagon kirki ba ya taɓa wannan makullin sai ka kawo rasit da sunanka, kuma ina ganin wannan ɗabi'a ce da ta dace mu ɗauka, domin ita ce ke raba mai gyara da mai taya ɓarawo.

Samsung ce ta fi yawa a hannun mutane nan, ita ce kuma ta fi buƙatar bayani. Fayil ɗin filashin ana sauko da shi ne kai tsaye daga rumbun kamfanin ta manhaja irin Frija, da lambar samfurin waya da lambar yanki. Ta Jamus DBT ce, sababbin wayoyin Turai EUX, ta Najeriya ECT, ta Dubai XSG. In ka danna *#1234# wayar za ta nuna abin da ke kanta. Idan aka warware fayil ɗin za a ga guda biyar: BL, AP, CP, CSC da HOME_CSC. Odin, manhajar kwamfuta da ake yi wa Samsung filashin da ita, yana da gurbin kowanne, sai dai biyun ƙarshe gurbi ɗaya suke rabawa. HOME_CSC yana barin bayanai, CSC yana sharewa. Wurin cire rut CSC ake sawa, babu tausayi, domin tarkacen da aka bari shi ke sa waya ta yi ta juyawa a kan tambari ba ta shiga. Kada a taɓa akwatin Re-Partition. Fayil ɗin AP yana da nauyi, gigabait da yawa, kuma in aka ɗora shi Odin kan yi shiru kamar ya mutu alhali tantance fayil yake yi. A ba shi lokaci. Ana shiga yanayin filashin a sababbin wayoyi ta hanyar kashe waya, a danne maɓallan ƙara sauti da rage sauti tare, a soka kebul daga kwamfuta.

Akwai kuskure biyu da ke kashe Samsung a wannan aiki. Na farko shi ne a ce za a mayar da boot ko vbmeta (ɓangaren da ke tantance cewa ba a taɓa manhaja ba) na asali shi kaɗai a bar sauran. Takardun Magisk kansu sun yi kashedi a kan haka, don wayar na iya ƙin tashi, kuma maganinta sai cikakken filashin da share komai. Na biyu shi ne komawa tsohuwar manhaja. A lambar manhajar, ƙirga harafi na biyar daga dama. Idan ta ƙare da U5CVDD, to 5 ce lambar butloda, kuma wayar ba za ta karɓi fayil mai 4 ba har abada. Odin zai faɗi, fuskar wayar ta rubuta SW REV CHECK FAIL. Ba kebul ba ne, ba kwamfuta ba ce, fayil ne bai kai ba. A nemo mai lamba daidai ko sama.

Bayan Odin ya nuna PASS, a bar wayar ta tashi har ta shiga, a tabbatar komai na aiki, sannan a koma yanayin filashin, a daɗe da danne maɓallin ƙara sauti a shuɗin shafin gargaɗi, a zaɓi rufe butloda. Za ta sake share kanta. Wannan jerin ba a juya shi. Wanda ya rufe butloda a kan manhajar da aka taɓa, ya kulle ƙofa ne makulli na ciki.

Amma fa akwai abin da filashin ba ya gyarawa, wato Knox. Wani ɗan fiyus ne a cikin injin wayar da ke ƙonewa ranar da aka fara ɗora mata abin da ba na kamfani ba. A shafin filashin za ka ga layin WARRANTY VOID, in 0x0 ne lafiya lau, in 0x1 ne an taɓa ta, kuma ba ya komawa sai an canza fanel, wato babban allon injin wayar, gaba ɗaya. Wayar za ta yi kira, za ta karɓi sabuntawa, yawancin manhajojin banki ma za su buɗe in an rufe butloda, amma Secure Folder da Samsung Wallet da Samsung Pass sun tafi ke nan. Masu sayen tsofaffin wayoyi a nan sun san wannan layin, suna dubawa kafin su yi tayi, kuma yana karya farashi. To ina wayoyin da aka ƙi a nan suke zuwa? Wasu cikin kwalin da ake turowa gida a matsayin na hannu suke ƙarewa. Duk wanda ke sarin irin waɗannan, minti ɗaya ya ishe shi ya duba. Ku kuma lura da wayoyin Amurka masu U ko U1 a ƙarshen lambar samfuri, fayil ɗinsu daban ne da na Turai masu B ko F, ko da sunan wayar ɗaya ne.

Pixel ita ce mai sauƙi, kuma a nan ne na fi ganin bambancin hidima. Google da kansa ya ajiye fayilolin kamfani a fili kyauta, ya kuma yi shafin Android Flash Tool da ke aiki cikin Chrome. Ka haɗa waya, ka zaɓi sigar manhaja, ka saka alama a Wipe Device da Force Flash all Partitions da Lock Bootloader, ya yi sauran. Mai son yi da hannu, umarnin rufewa shi ne fastboot flashing lock. A bar maɓallin OEM unlocking a kunne har sai wayar ta tashi lafiya, shi ne hanyar komawa in an sami matsala. Pixel 6 da ta hau Android 13 ba ta komawa 12.

Xiaomi kuwa tarkonta a ƙasan shafin Mi Flash, manhajar da ake yi mata filashin da ita, yake. Zaɓi uku ne, clean all, save user data, da clean all and lock, kuma na ukun ne a zaɓe tun kafin ka taɓa komai. Idan wayar ta kasuwar China ce aka ɗora mata manhajar ƙasashen waje don ta sami Play Store, kamar yadda wasu dillalai ke yi, rufe ta a kan wannan manhajar na hana ta tashi. Daga nan sai hanyar EDL, wato yanayin filashin na gaggawa, wadda kwamfuta ke nunawa da lamba 9008, kuma a sababbin wayoyi tana neman asusun da kamfani ya ba izini. Don haka a fara tabbatar da asalin kasuwar wayar daga kwalinta ko lambar samfuri, a saka mata manhajar yankinta, a yi clean all, a ga ta tashi, sannan a rufe. Fayil ɗin kuma a ajiye shi a gajeriyar hanya a kwamfuta, ba tazara a sunan folda, don wannan ɗan abin kaɗai yana sa Mi Flash ya ƙi.

Sai mu zo kan Tecno da Infinix da itel, inda lamarin ya juye. Da wuya ka ga waɗannan a manyan shagunan Jamus, kuma mai gyara a nan in ka miƙa masa ɗaya, juya ta zai yi ta yi yana neman sunanta a intanet. Ɗan uwan da ya taho da irinta daga gida ta lalace, gara ya aika ta gida, inda akwai Carlcare, cibiyar gyara ta kamfaninsu, kuma akwai ku. Tunatarwa kawai zan yi. A SP Flash Tool, manhajar filashin wayoyi masu injin MediaTek, Download Only ake fara gwadawa, a cire alama daga preloader (ɓangaren farko da ke tayar da injin) in wayar tana iya tashi, domin preloader da bai dace ba shi ke mayar da ita gawa, ko caji ba ta nunawa. Format All + Download yana share NVRAM, inda IMEI (lambar shaidar waya) da saitin sabis suke, shi ya sa waya ke dawowa da Invalid IMEI, ko a ga NVRAM WARNING cikin jerin wayifai. A kwafe nvram da nvdata da proinfo tukuna. A karanta lambar samfuri har harafin ƙarshe, don harafi ɗaya na iya nufin injin Unisoc ne a ciki ba MediaTek ba, shi kuma fayil ɗin pac yake ci da wata manhajar daban.

Maganar garanti ma ta sha bamban. Nan iri biyu ne. Akwai na doka, Gewährleistung, shekara 2 a wuyan mai shagon da ya sayar maka, akwai kuma Garantie da kamfani ke bayarwa da sharuɗɗansa. Rut na iya soke na kamfani, amma ba ya soke na doka haka kawai, sai in shi ne ya jawo lalacewar. Tun farkon 2022, a wata 12 na farko ana ɗauka cewa da aibin aka sayar da kayan, mai shago ne zai kawo hujjar akasin haka. Wayar hannu daga ɗan kasuwa ana iya rage mata zuwa shekara 1, wadda ka saya a hannun mutum kuwa yawanci yakan rubuta cewa ba ya ɗaukar alhakin komai. Daga 20 ga Yuni 2025 kuma sababbin wayoyin da ke shiga kasuwar Turai dole a samar musu da kayan gyara na shekara 7 da sabunta manhaja na aƙalla shekara 5 bayan an daina sayar da samfurin. Wannan zai rage masu yin rut, domin da yawa suna yi ne don kamfani ya daina kula da wayarsu.

A gwanintar hannu, gaskiya gida ta fi. Kuɗin aikin hannu a nan yana da tsada, shi ya sa cibiyar gyara ta kamfani ba ta zama ta yi ta fama da waya ɗaya, sai ta ce a canza fanel, kuɗin ya kusa na sabuwa. Abin da suka fi mu shi ne tsabtar fayil da tsayayyiyar wuta. Fayil ɗin da aka kwafo daga kwamfutar maƙwabci, ba a san wanda ya taɓa shi ba, shi ke sa waya ta kunna amma butloda ɗinta ya ƙi rufuwa. Wuta kuma in ta ɗauke ana tsakiyar rubuta BL ko preloader, an yi asara. A yi aikin a laftof mai batir mai kyau, wayar na da caji sama da rabi, da kebul na asali a soke kai tsaye jikin kwamfuta.

Kafin a miƙa wa mai ita, a kunna a ga babu gargaɗin buɗaɗɗen butloda. A danna *#06# a gwada IMEI da na kwali ko na jikin tiren sim. A shiga saitin Play Store a duba ko ya ce an tantance na'urar, in bai ce ba a share bayanan Play Store a jira, wani lokaci yakan ɗauki sa'o'i. A duba Widevine, tsarin kare finafinai daga kwafa, da manhajar DRM Info, in L1 ne Netflix zai nuna hoto tangaran, in ya faɗo L3 hoton zai dushe, kuma a wasu wayoyi ba ya dawowa ko an rufe. A nemi sabuntawa daga saiti a ga tana amsawa. Sannan mai waya ya saka manhajar bankinsa a gabanku ya shiga asusunsa kafin ya bar shago.