Hattara da mai sayar da jihazin gano gwal a Facebook

Jama'a, musamman masu komawa gida Madani da Hartum, don Allah ku karanta wannan kafin ku tura wa kowa kuɗi.

A watan Disamba na 2023, daren da za mu gudu daga Madani zuwa Gadarif, gwaggona ta ƙulle gwal ɗinta a tsumma, ta sa a leda, ta binne a tsakar gida: sarƙa biyu, zobba, da awarwaron aurenta. Da muka koma a 2025 sai muka tarar an sare darbejiyar da ta yi alama da ita, katanga kuma ta zube a wurin.

Ana cikin haka ɗanta ya ci karo da wani mutum a Facebook mai sayar da jihazi, wato na'urar gano gwal. Jihazinsa mai sanda biyu ne irin na eriyar rediyo, wai yana jiyo gwal daga mita ɗaruruwa, wai gwal kaɗai yake nunawa. Ya zo har gida, ya binne zobe da hannunsa, ya ja baya, sandunan suka juya suka nuna wurin. Gwaggo ta cire 'yan kunnenta, abin da ya rage mata ke nan, ta ce: "Ɗana, sayar ka biya shi." Kwana huɗu muna haƙa, hannuwanmu duk kanta, ko ƙwayar zobe ba mu gani ba. Da muka kai wa mai gyaran rediyo ya buɗe, batir ne a ciki, da 'yar fitila, da wayoyin da ba su haɗe da komai ba. Karkata hannu kawai ke juya sandunan, shi kuwa ya san inda ya binne zobensa.

Jihazi na gaskiya, mai faifai, irin wanda 'yan haƙar gwal ke yawo da shi a Abu Hamad, ƙarfe yake ji, kowane iri, kuma sai faifan ya bi ta kansa. Zobe ɗaya, in ya wuce kamu ɗaya ko fiye kaɗan a cikin ƙasa, da wuya ya ji shi. Siririyar sarƙa ta fi ba shi wahala, domin ƙwayoyinta ɗaya-ɗaya yake ji, ba nauyinta duka ba. Kukan da yake yi wa gwal kuwa kusan ɗaya ne da wanda yake yi wa takardar alminiyon da marfin gwangwanin lemo. Ko mai sunan Minelab, na ƙasar Ostireliya, an daɗe da cika kasuwa da jabunsa, har kwali da tambari.

In dole sai kun gwada, ku yi haya kada ku saya, ku binne naku zoben mai jihazin ba ya wurin, ku bar shi ya nemo. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne gidajenmu yanzu cike suke da kwanson harsashi da abubuwan da ba su fashe ba, jihazi kuma zai yi musu kuka. Kada yaro ya ɗauki diga ya sara don ya ji ƙara.

Mutumin da ya sayar mana da jihazin ya kashe wayarsa, ya sauya sunan shafin, amma hotunan su ne dai, kuma jiya na ga wata baiwar Allah daga Sannar tana tambayarsa farashi.