Ƙaramin madubin da na gwada a kan dutsen Kalambaina

Wata uku ke nan da na sayi ƙaramin madubin ƙara girma mai jonawa da waya, a wani shago cikin garin Sakkwato. Ni malamar kimiyya ce, kuma farin dutsen Kalambaina da ke kusa da Sakkwato, wanda ake siminti da shi, shi ya kai ni.

Dutsen nan ragowar teku ne. Kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce ruwan gishiri ya rufe yankinmu, ya bar ɓawon wasu mitsi-mitsin halittu, foraminifera. Na jiƙa gutsure mai laushi kwana biyu, na tace, na shanya. Ina ɗora madubin sai ga su, wasu a nannaɗe kamar dodon koɗi. Wallahi aji ya yi tsit.

Fitilar madubin ba laifi, amma ƙafarsa roba ce, da ka taɓa tebur hoton ya girgiza. Da littattafai nake tokare ta.

Wata ɗaliba ta ce, "Malama, zai nuna mana zafin ruwan wancan zamanin?" A'a, wannan sai ɗakin bincike. Can ake auna sinadaran magniziyam da kalsiyam na ɓawon, domin ruwa mai ɗumi ya fi shigar da magniziyam, nau'in sinadarin oksijin da ya fi nauyi kuma ya fi yawa a ɓawon da ya girma cikin sanyi. Awon oksijin ɗin wani masanin kimiyya, Cesare Emiliani, ya yi fice da shi tun 1955.

Kafin ka biya, sa mai shago ya jona maka shi da wayarka. Ta maƙwabciyata ƙin karɓarsa ta yi.