Teburin gefe mai durowa da na saya a Jidda: abin da na gani bayan wata bakwai

Zuwan surukata daga Kano domin Umarar watan Ramadan ne ya sa na shiga neman ƙaramin teburin gefe. Falonmu a nan Jidda, kamar na gidaje da yawa na 'yan'uwanmu Hausawa mazauna Saudiyya, zaman ƙasa ake yi a cikinsa, wato katifu masu majingina aka jera a jikin bango, sai kafet a tsakiya inda ake shimfiɗa ledar cin abinci. Hajiya kuwa tana fama da ciwon gwiwa, don haka muka saya mata kujera mai hannu, amma tun a daren farko na lura cewa duk lokacin da za ta ajiye kofin shayi ko ta ɗauki tabaraunta sai ta sunkuya har ƙasa, wanda shi ne ainihin abin da muke gudun mata.

Na fara duba kasuwar Haraj Sawarikh da ke kudancin Jidda, inda ake samun kayan ɗaki na hannu da aka yi da katako na gaske. Na ga masu kyau, sai dai yawancinsu an yi su ne domin manyan majalisai, wato falukan baƙi, sun fi ƙarfin wurin da nake da shi, kuma sai na ɗauki hayar ƙaramar motar kaya da ake kira dabbab kafin in kai su gida. Daga nan na koma na yi abin da ya kamata in fara da shi, wato na ɗauko tef na auna. Hannun kujerar yana da tsayin santimita 58 daga ƙasa, filin da ke tsakaninta da bango kuma santimita 45 ne kacal. Da waɗannan lambobi biyu a rubuce a wayata na shiga wani babban shagon kayan ɗaki, na zaɓi teburi mai tsayin santimita 55 da faɗin 40, mai durowa ɗaya a sama da kanta a buɗe a ƙasa, a kan riyal 249, har da harajin kashi 15 cikin ɗari da ake ɗora wa kaya tun daga watan Yulin 2020. A ganina, teburin gefe ya yi daidai da hannun kujera ko ya gaza shi kaɗan, domin idan ya fi shi tsayi gwiwar hannu za ta riƙa bugun kofi, idan kuma ya yi ƙasa sosai an koma gidan jiya.

A kwali aka ba ni shi, a shimfiɗe, ya shiga bayan mota ba tare da wata wahala ba. Na zauna haɗa shi bayan sallar tarawihi, ina tsammanin aikin rabin awa ne, sai ga shi na kwashe awa ɗaya da rabi. A cikin kwalin akwai falankai takwas, da ledar notuna, da ƙananan turakun katako da ake cusawa a ramuka domin falanki ya zauna daidai, da wasu zagayayyun ƙarafa da ake murɗawa su damƙe kan noti, sai ɗan makulli mai kusurwa shida. Sukurdireba da guduma kuwa sai mutum ya tanadi nasa. Takardar bayanin zane ce zalla babu rubutu, wanda hakan ba laifi ba ne a garin da ake jin harsuna barkatai, amma zanen layukan ƙarfen da durowa ke gudu a kansu ya yi ƙanƙanta ƙwarai, har ba a bambance na dama da na hagu. Na ɗaura su a juye, durowar ta shiga rabi ta cije, dole na kwance notuna shida na sake. Hajiya tana kallona daga kujerarta ta ce, “Malam, ka bar shi zuwa safiya mana, ai ba gudu zai yi ba.” Na ce mata, “Hajiya, saura kaɗan, in sha Allahu a kansa za ki ajiye ruwan sahur.” Haka kuwa aka yi.

Abu biyu na koya a wannan dare da nake ganin sun fi komai muhimmanci. Falankan irin wannan teburi garin katako ne da aka cuɗa da gam aka matse, aka lulluɓe da leda mai kama da itace, saboda haka idan aka matsa wa noti fiye da ƙima sai ramin ya zarme, kuma daga nan ba zai ƙara kamawa ba. Da hannu ya kamata a ɗaure shi, a tsaya da zarar an ji ya zauna. Na biyu shi ne siririn allon baya, wanda mutum zai raina shi saboda rashin kaurinsa, alhali shi ne yake hana teburin karkacewa. Kafin a buga masa ƙusa a auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, ta ɓangarorin biyu. Idan awon ya zo ɗaya, teburin ya miƙe, durowa kuma za ta rufe ba tare da ta bar giɓi ba.

Wajen amfani, na gamsu da shi. Samansa yana ɗaukar flas ɗin gahawa da kofuna biyu da ɗan farantin dabino, kuma tabon shayi yana fita da tsumma mai laima. Kaskon turaren wuta ne kaɗai ba na yarda a ɗora masa kai tsaye sai an sa faranti a ƙasa, saboda ledar ba za ta jure garwashi ba. Durowar ta haɗiye rimot da cajar waya da carbi da tabarau, kayan da a da suke ɓacewa a tsakanin katifu, kantar ƙasa kuma ta ɗauki littattafan yara. Da farko a durowar muka zuba magungunan Hajiya, amma ba ta da makulli, kuma tsayinta daidai yake da hannun ɗanmu mai shekara biyu, don haka tun a kwana na uku muka mayar da su saman kabad. Duk mai ƙananan yara ya yi la'akari da wannan tun a shago.

Inda teburin ya ba ni haushi shi ne wajen ruwa. Ba shi da ƙafafu, falankan gefe ne suke zaune kai tsaye a kan tayil, kuma bakinsu na ƙasa ba a lulluɓe shi da komai ba. Jidda gari ne na bakin Bahar Maliya mai yawan laima, ga shi kuma ana goge ɗaki da ruwa kusan kullum saboda ƙura. A wata na uku na ga gindin ɓangaren hagu ya kumbura kamar burodin da ya jiƙe, ledar ta fara ɗagowa, kuma irin wannan katako idan ya kumbura ba ya komawa yadda yake. Na sayo ƙananan ƙafafun roba guda huɗu a shagon kayan gini na unguwarmu, na ɗaura masa su, na shafa gam a bakin da ya buɗe, kuma tun daga lokacin kumburin bai ƙaru ba. Ina ganin abu ne da ya kamata masu ƙera shi su sa a cikin kwalin tun farko, tunda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Hajiya ta koma Kano bayan ƙaramar Sallah, teburin kuma yana nan a gefen kujerar, durowarsa tana gudu lafiya, ba ya girgiɗi. Maiɗakina ta nemi a sayo na biyu domin ɗaya kusurwar falon, kuma na amince, amma wannan karon mai ƙafafun ƙarfe zan ɗauka, ko da zai fi wannan tsada da riyal hamsin.