Pywikibot da hotunana na hawan Sallah: abin da ya ɗauke mini, da wanda ya bar mini

Hotunan nan sun fi shekara biyar kwance a wani filash da nake ajiyewa a aljihun jakar kyamara. A wata ƙaramar Sallah na ɗauke su, kwana uku a jere: ranar Idi, washegari Hawan Daushe a Ƙofar Kudu, sai Hawan Nassarawa. Da na zubar da waɗanda suka yi dishi-dishi da waɗanda ƙura ta cinye, 640 suka rage, kowanne wajen megabait 6. Kullum cewa nake zan ɗora su a Wikimedia Commons, rumbun hotunan da Wikipedia ke ɗiba daga ciki, don masu rubutu a Wikipedia ta Hausa su samu abin sakawa, kullum kuma sai na ɗaga. Sai a Disambar 2024, da UNESCO ta saka hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya, kunya ta kama ni. Duniya na zancen abin da ke cikin aljihuna, ni kuwa ina ta gobe-gobe.

Na fara da hanyar da kowa ke bi, wato Upload Wizard a burauza. Ba ni da abin cewa a kansa idan hotuna goma ne ko ashirin: yana riƙe hannunka, ya tambaye ka lasisi, ya nuna maka hoton kana rubuta bayaninsa. Amma ni sabis ɗin unguwarmu ba mai alƙawari ba ne. Daren farko na jera hotuna 40, na zauna ina cike guraben bayani ɗaya bayan ɗaya, na kusa ƙarshe intanet ya ɗauke, na sake loda shafin cikin fushi, komai ya tafi. Na yi lissafi: a haka sai wata Sallar ta zo ta same ni.

Ɗan yayata da ya karanta kimiyyar kwamfuta ne ya same ni ina ƙorafi. Ya ce, "Kawu, ai wannan ba aikin danne-danne ba ne. Ka ba baƙin allo umarni ka je ka kwanta." Baƙin allo shi ne abin da yake kiran tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni kai tsaye, babu maɓallin dannawa, babu hoto, sai rubutu. Manhajar da ya kawo mini sunanta Pywikibot. Tsohuwa ce, tun farkon shekarun 2000 masu sa kai ke raya ta, da harshen Python aka rubuta ta, kyauta ce kuma. Tarin ƙananan kayan aiki ne na gyaran shafukan wiki, ni guda ɗaya kawai nake buƙata daga ciki, mai suna upload.

Girkawa ta cinye mana tsakanin Magariba zuwa bayan Isha'i a tsohuwar laftof ɗina mai Ubuntu. Mun sauke cikakken ƙunshin, muka gudanar da generate_user_files wanda ke tambayarka wane shafi da wane sunan asusu, ya rubuta fayil ɗin saiti. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne ba sai na ba manhajar ainihin kalmar sirrina ba. A Commons akwai shafin Special:BotPasswords, inda za ka yanka mata nata mabuɗin, ka zaɓi abin da aka yarje mata kawai, ɗora sabon fayil da gyara shafi, ranar da ka ga dama ka soke shi. Gaskiya ba don yaron nan ba da ban wuce wannan matakin ba. Bayanan da Turanci suke, Turancin ma na masu sana'ar.

Umarnin da na ƙare da shi bai wuce layi ɗaya ba:

python3 pwb.py upload -family:commons -lang:commons -always -abortonwarn -chunked -descfile:daushe.txt daushe/

Ma'anarsa: ɗauki duk abin da ke cikin foldar daushe, ka ɗora da sunayen da suke ɗauke da su, ka manna musu bayanin da ke cikin daushe.txt, kada ka tambaye ni komai, idan shafin ya yi gargaɗi a kan wani hoto ka bar shi ka wuce, sannan ka riƙa tura kowane hoto gutsure-gutsure. Idan ba ka faɗi girman gutsuren ba, wajen megabait 1 yake yankawa.

Na ɗauka daga nan sai barci. Ashe aikin bai ma fara ba.

Commons ba ya son sunayen da kyamara ke bayarwa, irin su DSC_0412 ko IMG_2207, kuma yana da gaskiya. Rumbun da ya haura fayil miliyan 100 tun 2023, wa zai nemo DSC_0412 a cikinsa? Dole kowane hoto ya samu sunan da ke faɗin abin da ke ciki. To ni malamin makaranta ne mai sha'awar kyamara, ba ɗan fada ba. Na san ɗan lifidi idan na gan shi, na san dogari da jar rigarsa, na bambance kakaki da algaita. Amma tawagar wane hakimi ce wannan, me ya sa wannan rawanin yake da kunne biyu wancan babu, wannan kayan dokin ya sunansa, duk ban sani ba sai kame-kame.

Akwai wani dattijo a layinmu da ya yi shekaru yana hawa a tawagar wani hakimi kafin ƙafa ta hana shi. Na kwashi laftof na same shi a ƙofar gida bayan La'asar, na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, taimako na zo nema, hotuna ne na rasa sunayensu." Ya sa tabarau. Hoto na uku ya tsayar da ni. Na rubuta "mahaya a Hawan Daushe". Ya ce, "Malam, mahaya kuma? Kowa a nan ai mahayi ne. Waɗannan 'yan sulke ne, dubi abin da ke ƙarƙashin rigar. Waɗancan kuma jafi suka taso yi, ba ka ga hannun a sama ba?" Haka muka yi yamma tara. Yana faɗa ina rubutawa, wani lokaci hoto ɗaya ya ja mu labarin rabin awa, yadda ake fita gaida mahaifiyar sarki a Babban Ɗaki ranar Daushe kafin a zagayo gari a dawo Ƙofar Kudu, da yadda ƙura ke toshe wa mutum maƙogwaro har kwana biyu. Inda bai tabbatar ba sai ya ce, "Wannan kada ka rubuta, kada mu yi wa mutane ƙarya." Hotuna 31 muka ware a haka.

Wannan ne abin da nake so wanda zai gwada Pywikibot ya sani tun kafin ya girka. Ɗorawar ba komai ba ce. Dare uku ta ɗauke ni, mafi yawansu ina barci. Sanya suna da bayani kuwa ya ci kusan wata guda, kuma babu layin umarnin da zai yi maka shi.

A dare na biyu ne manhajar ta biya kuɗin wahalarta. Na sayi datar dare, na ba da umarni wajen ƙarfe 12, na kwanta. Cikin dare wuta ta ɗauke, batirin laftof ɗin kuma ba ya kai awa ɗaya. Da asuba na tarar ta mutu bayan hoto na 212. Da a burauza ne da sai na zauna ina duba wanne ya shiga wanne bai shiga ba. A nan kuwa umarnin jiya na sake bugawa, harafi ɗaya ban canza ba. Duk hoton da ta tarar sunansa na can sai ta tsallake, ba ta ƙona mini data a kansa ba, ta ci gaba daga inda ta tsaya. Commons kuma yana gane hoton da aka taɓa ɗorawa ko da an sauya masa suna, don yana kwatanta ainihin abin da ke cikin fayil ɗin, sai ya yi gargaɗin maimaici, ita kuma ta wuce. Ga mai zama inda wuta da sabis ke wasan ɓuya, wannan kaɗai ya isa dalili. Ba ta da gaggawa, takan ɗan dakata tsakanin aiki da aiki don kada ta takura wa shafin. An ce mini asusu irin nawa iyakarsa ɗorawa 380 cikin minti 72. Na yi dariya, da sabis ɗinmu ko rabin haka ban taɓa kusanta ba.

Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, sun shiga lafiya a suna da bayani, muddin an ajiye fayil ɗin bayanin a tsarin UTF-8. Na ji daɗin ganin "Ƙofar Kudu" da ƙ ɗinta, ba "Kofar" ba.

Sai ɓarnar da na yi da hannuna. Idan ka ba upload folda, bayani ɗaya take manna wa duk abin da ke ciki. Ni kuma na raba hotunan ne bisa kwanan watan da kyamara ta rubuta, na manta agogonta ya ɓace tun ranar da na canza batiri. Hotunan Hawan Nassarawa 70 suka faɗa foldar Daushe, suka hau da bayanin Daushe da kwanan watan Daushe. Manhajar ba ta nuna maka hoton da take turawa, sunaye kawai ke wucewa a allo, ni kuma na ce mata kada ta tambaye ni komai. Ta bi umarni. Sai da rana ina duba shafin na ga titin kwalta mai faɗi da itatuwa a hoton da na ce Ƙofar Kudu ce. A Commons kuwa mai asusu irin nawa ba ya goge fayil, ba ya kuma sauya masa suna da kansa, sai ya roƙi masu wannan ikon. Bayanan na gyara su a tare da wani kayan aiki na shafin mai suna VisualFileChange, sunayen kuwa ɗaya bayan ɗaya na nemi a sauya, ina jin nauyin mutanen da na ɗora wa aiki. Tun daga ranar na koma yi wa kowane hoto nasa ɗan fayil ɗin bayani, ɗan yayata ya rubuta mini layi huɗu da ke bin su ɗaya-ɗaya. Ya fi jinkiri, amma ya fi mini. Kuma kafin in saki folda, sai na gwada da hotuna biyar na je na gani da idona.

Akwai wani zaɓi mai suna -ignorewarn da ke sa ta yi kunnen uwar shegu da duk gargaɗi. Ranar da gargaɗi ya ishe ka za ka so sa shi. Kada ka sa. Da shi za ta iya danne wani hoton da ka riga ka ɗora da sabo idan sunayensu suka zo ɗaya, kana barci ba ka sani ba.

Abu biyu kuma da saurin ke sa a manta. Layin lasisi ɗaya da ka rubuta a fayil ɗin bayani, nawa CC BY-SA 4.0, ya hau kan hotuna ɗaruruwa a dare guda, kuma ba a janye shi. Kowa na iya bugawa a littafi ko kalanda ya sayar, in dai ya ambaci sunanka ya kuma saki nasa a kan sharaɗi iri ɗaya. Na yarda da hakan a kan dawakai da mahaya a bainar jama'a. Amma ina bin foldar ranar Idi na tarar da hotuna 9 na yaran gidanmu cikin kayan Sallah a tsakar gida, har da matan gida a bayansu. Saura ƙiris su bi ayari. Na biyun, hoton waya yakan ɗauki ainihin wurin da aka tsaya aka ɗauke shi. Na hawa ba laifi, amfani ne ma. Wanda aka ɗauka a gida kuwa sai a share masa wannan da wata manhaja mai suna exiftool kafin ya fita.

Inda ta gaza a wurina: idan wani abu ya lalace, sai ta zubo maka layuka ashirin na Turancin masu manhaja, dalilin yana can a layin ƙarshe, sai wanda ya saba ke gane shi. Ba ta cike ɗan gajeren taken nan da Upload Wizard ke ba ka damar rubutawa da Hausa da sauran harsuna, wannan sai ka koma shafin ka yi. Rukunan da ake kasa hotuna a ciki a Commons kuma da Turanci ake sa musu suna, ita kuwa ba ta duba ko rukunin da ka rubuta yana nan, kuskuren harafi ɗaya sai ka ga hotunanka a rukunin da babu shi. Wanda baƙin allo ke ba tsoro ya duba Pattypan, wadda ke karɓar bayanai daga jadawali irin na Excel, kowane hoto da layinsa. Wata malama a makarantarmu da ke shiga gasar hotuna ta Wiki Loves Africa da ita take aiki, kuma ban ga abin da na fi ta ba sai iya tafiya in kwanta. Mai hotuna ƙasa da 50 kuwa kada ma ya wahalar da kansa, burauza ta ishe shi. Wanda kuma zai riƙa zuba dubbai, ko hotunan da ba shi ya ɗauka ba, ya fara neman izini a shafin da Commons ya ware wa masu irin wannan aikin.

Hotuna 600 suka hau. Wani ya riga ya saka ɗaya daga cikin na 'yan lifidi a wata maƙala, na kai wa Baba a waya ya gani, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce dokin na biyu an ɗaura masa linzami ba daidai ba. Guda 31 ɗin suna nan a folda mai suna "jira". Ya ce akwai wani abokin hawansa a Mandawari da zai gane su, in ya ji sauƙin ƙafa za mu je tare ranar wata Juma'a.