Yakuza 6 da Infinite Wealth: wanne ƙarshe ne ya fi ƙona rai?

Ƙanenmu mai gidan gem a wajen Gujungu ya aiko wa zauren nan tambaya. Ya ce ya kammala Yakuza 6 bayan ya bi labarin Kazuma Kiryu tun daga tushe, kuma ƙarshen ya bar shi da takaici, har yana ganin an ci amanar masu wasan. Yana so ya san ko Like a Dragon: Infinite Wealth ya gyara wannan ɓarnar, domin kada ya ƙona data da man janareta a kan abin da zai ƙara masa ɓacin rai. Wanda bai buga wasannin ba kuma ba ya son a tona masa labari, ya dakata a nan, domin ba yadda za a kwatanta ƙarshe biyu ba tare da an faɗi abin da ya faru a cikinsu ba.

Ƙanena, amsata a taƙaice ita ce ƙarshen Infinite Wealth ya fi na Yakuza 6 ban takaici, duk da cewa a matsayin wasa ya fi shi girma da daɗin bugawa nesa ba kusa ba. Yakuza 6 ya yanke hukunci mai ɗaci ya tsaya a kansa, Infinite Wealth kuwa ya yi alkawarin da ya kasa cikawa a gaban idon mai wasa.

Sai an tuna nauyin da ke kan Yakuza 6 kafin a yi masa adalci. Kamfanin Sega ya fitar da wasan farko a 2005 a kan PlayStation 2, inda Kiryu ya fito daga gidan yari bayan shekara 10 da ya yi a kan kisan da ba shi ya aikata ba, ya tarar yen biliyan 10 sun ɓace daga asusun Tojo, ƙungiyarsa ta 'yan yakuza, wato gungun masu aikata laifi na Japan, ya kuma tsinci kansa da riƙon Haruka, yarinya 'yar shekara 9. Daga nan aka yi ta tafiya: ya zama shugaban Tojo na huɗu ya sauka nan take, ya koma Okinawa ya riƙe gidan marayu, kuma duk lokacin da ya ce ya wanke hannunsa daga harkar sai wata fitina ta sake jawo shi unguwar Kamurocho. Da Yakuza 6 ya fito a Japan a Disambar 2016, sannan a sauran duniya a Afrilun 2018, an tallata shi ne a matsayin babin ƙarshe na rayuwar Kiryu. Mutumin da ya yi shekara 11 yana bin labari yana da haƙƙin ya sa ran za a yi sallama da kowa da kowa.

Ba a yi hakan ba, kuma a nan ƙorafinka yake da tushe. Daigo Dojima da Goro Majima da Taiga Saejima, waɗanda suka ɗauki rabin nauyin wasannin baya, an kulle su a gidan yari kusan tun daga farko, sai a ƙarshe suka leƙo. Haruka, wadda a Yakuza 5 mai wasa ya riƙe ta da hannunsa, ta shafe mafi yawan labarin a kwance cikin doguwar suma bayan mota ta buge ta, aka bar Kiryu da jaririnta Haruto da neman ubansa a garin Onomichi na yankin Hiroshima, cikin baƙin fuskoki. Sirrin da aka yi ta kashe mutane dominsa kuwa ya ƙare a wani ƙaton jirgin ruwan yaƙi da aka ƙera a ɓoye da kuɗin da aka karkatar a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, abin da ba shi da alaƙa ko ta anini da ciwon zuciyar Kiryu. Tsuneo Iwami, wanda aka yi faɗan ƙarshe da shi, ɗan mai kuɗi ne da ke sha'awar a kira shi ɗan daba, kuma bai kai a rufe labarin shekara 11 da shi ba. Ko sabon injin da aka gina wasan da shi ya zo da ragi, domin salon faɗa ɗaya tak aka ba Kiryu, an kuma toshe wasu lungunan Kamurocho da aka saba shiga.

Duk da haka, ka sake duba mintunan ƙarshen da idon basira. Kiryu ya tare harsasai da jikinsa domin Haruka da ɗanta da Yuta, uban yaron. A gadon asibiti wakilin mutanen Daidoji, masu ƙarfin siyasa da ke son a rufe sirrin jirgin, ya zo da kuɗin toshiyar baki, Kiryu ya ƙi karɓa, ya ce abin da yake so shi ne a saki Daigo, shi kuma a rubuta cewa ya mutu, domin muddin sunansa na raye to yaran gidan marayun ba za su taɓa samun sukuni ba. Daigo ya karanta wasiƙar da Kiryu ya bar masa, wadda a ciki ya yarda cewa ya ɗora masa shugabanci ya gudu ya bar shi, bai tsaya masa a matsayin uba ba, kuma saboda wannan wasiƙar Daigo ya janye daga yaƙin ramuwa. Sai hoton ƙarshe: Haruto yana ɗaga ƙafa yana koyon tafiya a tsakar gidan marayun, Kiryu na kallo daga nesa, kafin a ankara ya juya ya tafi.

Mu da muka tashi a inda ake cewa zumunci a ƙafa yake, wannan hukunci yana da wuyar haɗiya. Mutum ya gama rubuta cewa kuskurensa shi ne barin ɗa shi kaɗai, sai kuma ya maimaita wannan kuskuren a kan yara tara da jika, ya bar su suna ziyartar kabarin da babu kowa a ciki. Ni ma ban ce ya yi daidai ba. Abin da nake cewa shi ne hukuncin ya dace da mutumin da muka sani: maraya ne da ya tashi a hannun Shintaro Kazama, wanda daga baya ya gano shi ne ya kashe iyayensa, kuma tun yana saurayi hanya ɗaya ya iya ta nuna ƙauna, wato ya ɗauki laifin wani ya ɓace. Ya yi haka a 1995 saboda amininsa Nishikiyama, ya sake yi bayan Yakuza 5 da ya miƙa kansa aka ɗaure shi shekara 3. Mutuwar ƙarya ita ce matakin ƙarshe na wannan ɗabi'a, kuma wasan ya share mata hanya, domin ya sa ka ɗauki jaririn nan kana rarrashinsa da hannun gem, kana yawo cikin dare a Onomichi kana neman madara, yadda idan rabuwar ta zo za ka ji ta a jikinka.

Infinite Wealth, wanda ya fito a Janairun 2024, ya zo da lissafi dabam. Jagoran labarin biyu ne, Ichiban Kasuga da Kiryu, rabin wasan a Honolulu ta Hawai, rabi a Yokohama da Kamurocho, faɗan kuma na bi da bi ne kamar na wasan 2020, wato Yakuza: Like a Dragon, ba na dambe kai tsaye ba. Tun da wuri aka sanar da kai cewa Kiryu, yana da shekara 55, yana ɗauke da cutar daji kuma ya ƙi zuwa a yi masa magani. Daga nan wasan ya buɗe wani dogon sashe na tuna baya, inda kake zagaya wuraren da abubuwa suka faru a wasannin farko, tsohon abokinsa Makoto Date kuma yana shirya masa ganin mutanensa ɗaya bayan ɗaya, galibi daga ɓoye saboda yarjejeniyar Daidoji. Saƙon da ake nanatawa a fili yake: ka daina gudu, ka bari a taimake ka, ka nemi rayuwa. Wannan shi ne gyaran da kake nema ga Yakuza 6, kuma har kusan ƙarshe wasan yana tafiya kamar zai ba ka shi.

Akwai ma abin da ya fi Yakuza 6 a nan, wato abokin gabar. Masataka Ebina yana da dalilin ƙin 'yan yakuza da ya samo asali daga abin da aka yi wa mahaifiyarsa, kuma shirinsa ya ginu ne a kan wani abu na gaske. Tun 2011 dokokin korar 'yan yakuza suka game dukan yankunan Japan, har ya zama wanda ya bar ƙungiya ma yakan yi shekara 5 kafin ya iya buɗe asusun banki ko kama hayar gida ko yin rajistar layin waya ba tare da cikas ba. Irin waɗannan tubabbu da suka rasa madafa su Ebina ya tara da sunan sama musu aiki, alhali niyyarsa ya tura su tsibirin da ake jibge sharar nukiliya su hallaka a can. Bayan faɗan da aka yi a saman dogon benen Millennium Tower na Kamurocho, Kiryu ya durƙusa yana hawaye yana roƙon Ebina gafara a madadin dukan 'yan yakuza, yana roƙonsa ya rayu. Wannan wurin ya yi kyau ƙwarai, kuma Iwami bai samu ko kwatankwacinsa ba.

Matsalar tana bayan an gama jero sunayen ma'aikata. An nuna Haruka riƙe da hannun Haruto sun shigo asibiti, sun nufi ɗakin Kiryu, suka tarar da gado babu kowa. Aka yanka zuwa wani ɗakin, Kiryu a kan keken marasa lafiya, ya rame, gashi ya yi fari, an kawo shi wurin gashin cutar daji, likita ya tambaye shi sunansa domin tabbatarwa, shi kuma ya faɗi sunansa na gaskiya. Shi ke nan. Ma'anar a bayyane take, ya karɓi magani kuma ya karɓi sunansa, amma haɗuwar da aka ja mu fiye da shekara 7 muna jira, tun daga 2016, ba a nuna ta ba, alhali mutanen uku suna cikin gini ɗaya. Kamar bikin da aka yi wata guda ana shiri ne, ranar kai amarya a ce wa dangi kowa ya koma gida, gobe za su ji labari. Masu kare wasan suna cewa an bar wa mai kallo ne ya ƙarasa da tunaninsa, ni kuwa ina ganin wasan da ya samu lokacin da zai ba ka tsibirin shaƙatawa ka yi ta share shara kana ƙera kujeru, da wasan tara mayaƙa, da raba abinci a kan keke, bai da hujjar yin rowar minti uku. Ɓangaren Ichiban ma ya rufe da raha a kan neman auren Saeko, abokiyar tafiyarsa, an kuma bar zaren Daidoji a sake, ba a zauna an bayyana yadda yarjejeniyar da ta hana Kiryu sakat ta warware ba.

Akwai kuma wata illa da ta koma baya ta taɓa Yakuza 6. Ƙarfin wancan ƙarshen ya dogara ne ga cewa ba za a sake ganin Kiryu ba. Sai ga shi ya bayyana a wasan 2020 yana gadin taron rushe Tojo da kishiyarta, ƙungiyar Omi, ya sake fitowa a 2023, ya sake a 2024, yana yawo a titi da fuskarsa, tabarau kawai ya ƙara. Kowace dawowa tana rage darajar sadaukarwar da aka sa mu kuka a kanta. Toshihiro Nagoshi, wanda ya kafa jerin wasannin, ya bar Sega a 2021, Masayoshi Yokoyama ya gaje shi a shugabancin sashen, amma tunda dawowar farko ta riga tafiyarsa, ba za a ɗora wa sauyin shugabanci laifin ba. Abin da ya fi kama hankali shi ne kamfani ba ya son rabuwa da fuskar da ke sayar masa da kaya.

Idan abin da kake nema shi ne wurin da aka biya bashin Yakuza 6, ba ya cikin ɗayan biyun nan, yana cikin ƙaramin wasan da ke tsakaninsu, Like a Dragon Gaiden na Nuwambar 2023, mai babi 5 kacal. A ƙarshensa an miƙa wa Kiryu na'ura mai ɗauke da bidiyon da kyamarar ɓoye ta ɗauka a kabarinsa na ƙarya. Biyu daga cikin marayun, Taichi da Ayako, sun hango kyamarar, suka tsaya gabanta suna ba shi labarin kowa da aikin da ya samu, Taichi ya zama ma'aikacin kashe gobara, sannan aka nuna masa zanen da Haruto ya yi. Mutumin da bai karaya a gaban bindiga ba ya fashe da kuka har majina na zuba. A nan ne wasan ya amsa da bakinsa cewa hukuncin 2016 ya cutar da shi kansa Kiryu, ba yaran kaɗai ba.

Ta fuskar aljihu, kada ka saya domin gidan gem ɗinka, domin wasanni ne na mutum ɗaya masu dogon zance, kuma yaran da ke biyan kuɗi su buga ƙwallo ba za su zauna karatun rubutu a ƙasan allo ba. Domin kanka kuwa, ka fara da Gaiden, shi ne mafi gajarta kuma yana tafiya a kan PS4 ɗin da kake da ita, sai dai a ƙasashen Yamma ba a fitar da shi a faifai ba lokacin da ya fito, don haka ka shirya sauke shi ranar da ka shiga Ringim ko Dutse inda sabis ya fi ƙarfi. Infinite Wealth ya ninka Yakuza 6 tsawo fiye da sau biyu ko da labarin kaɗai za ka bi, amma yana da muryoyin Turanci, saɓanin Yakuza 6 da ke da Japananci zalla. Kuma kada ka shige shi ba tare da ka buga wasan 2020 ba, domin rabin mutanen da za ka tarar a Yokohama a can aka gabatar da su, har da Masumi Arakawa, mahaifin Ebina.